Asalin doki yana wurin aikinsa: fashin baƙi kan ire-iren dawaki

Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi ranar hawan sallah ya san ba a rasa gardama kan dawaki. Wannan ya ce akawal ɗin can babu na biyunsa, wancan ya ce ai kilin da ke biye da shi ya fi shi taƙama. Wani ya nuna danda, wani ya ce shi dai a bar shi da hurde. In ka kasa kunne za ka lura kusan duk sunayen da ake kira na launi ne: akawal baƙi, kili fari, danda mai dabbare-dabbare, ga gunya, ga bidi, ga bikili. Hausa ta wadata da waɗannan kalmomi, abin alfahari ne kuwa. Sai dai launi riga ce. Akawal biyu suna iya zama a barga ɗaya, ɗaya ya yini yana tafiya cikin rana bai nuna gajiya ba, ɗaya kuma kafin azahar ya jiƙe sharkaf ya sunkuyar da kai. Abin da ya raba su shi ne asali, asali kuma aiki ne ya haife shi.

Dawakin gida na duniya duk ƴan gida ɗaya ne. Binciken ƙwayoyin halitta da aka fitar a 2021 ya nuna tushensu yana filayen kudancin Rasha, tsakanin kogin Bolga da kogin Don, kimanin shekara 4,200 da suka wuce. Daga nan ne mutane suka yi ta rarraba su. Mai son gudu ya riƙa haɗa mai gudu da mai gudu, mai son jan kaya ya riƙa zaɓen mai faɗin ƙirji, mazaunin hamada kuwa ƙishirwa ta yi masa zaɓen, don wanda bai jure ba bai kai ga haihuwa ba. In aka jera ƙarnuka ana haka, sai a samu iri wanda ɗansa yake fitowa kamar ubansa, jikansa kamar kakansa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan shi ake nufi da jinsin doki.

Mu fara da namu. Masana dabbobi suna mai da dawakin ƙasar Hausa da kewayenta ga manyan tushe biyu. Na farko dokin Barbar na Arewacin Afirka, wato Maroko da Aljeriya da Tunisiya, wanda ya ratso Sahara tare da ayarin fatake. Matsakaici ne, gajeren baya, kuturinsa a sunkuye, wutsiyarsa a ƙasa-ƙasa, kofatonsa da tauri. Na biyu dokin Dungula, daga bakin kogin Nilu a arewacin Sudan, wanda ya biyo ta Cadi da Barno. Shi ya fi tsawo, ƙafafunsa dogaye, fuskarsa a lanƙwashe kamar ta rago, kuma sau da yawa za ka gan shi da farin goshi da fararen ƙafafu. Abin da muke kira ɗan Arewa, wanda ya samo suna daga ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi, da dokin Barno, da na Zabarmawa, duk daga cakuɗar waɗannan tushe biyu suka fito, kowanne da inda ya fi karkata. A gefe guda ga ɗan Asbin, musamman dokin Bagazam da ake dangantawa da duwatsun Bagazam na ƙasar Agadas, wanda sunansa ya cika labaran Buzaye da na Hausawa, yau kuma ganin na ainihi ya yi wuya.

Me aka nema a jikin waɗannan dawaki? Yaƙi, kafin komai. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kananeji, wajen ƙarshen ƙarni na 14, a matsayin wanda ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. A farkon ƙarni na 16 matafiyin nan Hasan al-Wazzan ya ba da labarin cewa Sarkin Barno yana sayen doki ɗaya daga fataken arewa da bayi 15 ko 20. Ciniki ne mai ɗaci, amma yana nuna inda doki yake a lissafin masu mulki na wancan zamani. Garinmu Maraɗi ma da doki aka riƙe shi. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunan da aka kora suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafa zamansa a Maraɗi, daga baya Gobirawa suka zauna Tibiri. Daga wannan kwari na gulbi ne mahaya suka riƙa fita, musamman zamanin Sarki Ɗan Baskore, su kai hari can cikin ƙasar Katsina da gaba da ita, su komo. Tsakaninmu da birnin Katsina kimanin kilomita 90 ne. Dokin da zai yi wannan tafiya, ya shiga faɗa, ya juyo gida da mai shi, ba dokin gudun minti biyu ba ne.

Ko a fagen fama aikin ya kasu. Ƴan lifidi suna buƙatar ingarma mai ƙarfin ɗaukar mutum da sulkensa da lifidin da aka lulluɓe dokin da shi, su ne katangar da ake kafawa a gaba. Ƴan hari kuwa mara nauyi suke so, mai saurin juyawa, mai tsayawa cak in an ja linzami. Zamiyar da ake yi gaban sarki ranar jafi, doki ya taho a sukwane ya ƙame da ƙafafun baya ƙura ta tashi, ragowar wannan horo ce. Linzaminmu mai kaifi da sirdinmu mai tudu gaba da baya duk don wannan aka ƙera su. Har sarautu aka kafa a kan doki: ga Madawaki, ga Shamaki mai kula da bargar sarki.

Ƙasa ma ta yi nata zaɓen. Dokin nan yana shan zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ya ci harawa da dusa da ɗan gero, a jiƙa masa kanwa, ya tashi garau. Can kudu inda ƙudan tsando yake, sammore ba ya barin manyan dawaki su daɗe, shi ya sa daular Oyo ta Yarbawa ta riƙa sayen dawakin yaƙinta daga arewa. Waɗanda suka iya zama a irin waɗannan wurare ƙuru ne, ƙananan dawaki irin na tsaunukan Jos da na bakin kogin Logon tsakanin Cadi da Kamaru. Mu a nan raina ƙuru ake yi, a can kuwa shi ne ya rayu inda ingarma ya faɗi.

Dokin Larabawa shi ne wanda kowa ya san sunansa, kuma akwai darasi a wurinsa da ya shafe mu kai tsaye. Ba babba ba ne, tsawonsa a kafaɗa bai cika wuce santimita 155 ba. Ana gane shi da fuska mai ɗan lotsawa, manyan ƙofofin hanci, da wutsiya a ɗage. An gina shi don doguwar tafiya da ƙaramin guzuri, shi ya sa har yau a tseren juriya na kilomita 160 a yini ɗaya, irin wanda ake yi a Daular Larabawa da Amurka da Faransa, shi ne kan gaba. Darasin shi ne: Larabawan ƙauye goɗiya suka ɗauka da daraja. Ita suke hawa zuwa hari, ta wajenta suke ƙirga asali, kuma mutum yakan haddace uwayen goɗiyarsa kamar yadda ya haddace kakanninsa. Mu kuwa namiji muke hawa. Basarake ba ya fita bisa goɗiya, saurayi ma ba ya so a gan shi a kanta. Ita tana can ƙauye a ɗaure, abin da ya rage shi ake zuba mata, alhali rabin jinin kowane dukushi nata ne, wata 11 tana ɗauke da shi, sannan ta shayar da shi.

Raba doki gwargwadon abin da zai iya ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. A hadisin Abdullahi ɗan Umar da Buhari ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya sa tsere tsakanin dawakin da aka horar aka rage musu ƙiba daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma aka ba su gajeriyar tazara, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. A Suratun Nahli, aya ta 8, an ambaci dawaki da alfadarai da jakai cewa don hawa ne da kuma ado. Ke nan kwalliyar hawan sallah tana da gurbinta, ba wasa ba ce.

Sai dokin tseren Ingila, wanda masu Faransanci a nan suke kira fursan. A kansa ya kamata a daɗe, don shi ne misali mafi bayyana na yadda ake gina iri da gangan. Turawan Ingila sun ɗauko maza uku daga gabas: Byerley Turk wajen shekarun 1680, Darley Arabian a 1704, da Godolphin Arabian wajen 1729. Suka haɗa su da goɗiyoyin ƙasarsu, suka sa ma'auni ɗaya tak, wato wanda ya riga isa. Wanda ya ci tsere shi ake ba goɗiyoyi, wanda ya sha kaye a manta da shi. A 1791 suka fara buga littafin asali, inda ake rubuta kowane dukushi da uwarsa da ubansa. Har yanzu dokin da iyayensa ba sa cikin irin wannan littafi ba ya shiga wannan jinsi, kome gudunsa. Ba su yarda da ɗurar maniyyi ba, sai an yi barbara ta zahiri. Bincike ya nuna kusan kashi 95 cikin 100 na waɗannan dawaki a yau, in aka bi ta wajen uba, ga Darley Arabian suke komawa, akasari ta hanyar Eclipse, dokin da aka haifa a 1764 ya yi tsere 18 ba a taɓa wuce shi ba.

Sakamakon ya fito. A 1973 wani doki mai suna Secretariat ya gama tseren Kentaki a Amurka, kimanin kilomita 2, cikin ƙasa da minti 2, wato gudun da ya kai kilomita 60 a awa. Amma kowane zaɓe yana da abin da yake zubarwa. Da aka bi gudu kaɗai, sai aka samu dogon doki mai siraran ƙafafu, fata mara kauri, kofaton da sai da takalmin ƙarfe, ga zafin rai, ga ci. Karaya a filin tsere ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Doki ne da aka gina a ƙasa mai sanyi da ɗanyar ciyawa, likita yana kusa. Wanda ya kawo shi Maraɗi ya ɗauko wa kansa hidimar da ba ta ƙarewa.

Gudun ma ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne gardamar majalisa take yawan ɓata. Amurkawa suna da dokin da suka sa wa sunan tazarar da yake ci, rubu'in mil, kimanin mita 400. Cinyoyinsa cike suke da tsoka, yana tashi kamar an harba kibiya, makiyayan shanunsu ma da shi suke tare saniyar da ta ɓalle. A mita 400 yana iya wuce na Ingila. A kilomita 2 na Ingila zai bar shi. A kilomita 100 kuwa na Larabawa zai bar su duka biyun. Dalilin yana cikin tsoka: akwai zaren tsoka mai fizga da ƙarfi ya gaji da wuri, akwai mai aiki a hankali ya daɗe, kuma kowane iri da wanda ya rinjaya a jikinsa. Saboda haka in aka ce wane doki ya fi gudu, sai a tambaya: daga ina zuwa ina? In ba a faɗi wannan ba, to dokin mai baki ne zai ci.

Dawakin jan kaya ba sai an tsaya a kansu ba, don ba su da aiki a nan. Shaya na Ingila da Fersheron na Faransa suna kai tan guda. An gina su don jan garma a ƙasa mai laka da jan manyan kekunan kaya kafin zuwan mota. Doki yana cin kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kowace rana, ke nan mai tan guda zai tashi da kilo 20 na abinci, ninki uku na abin da namu zai ci. Ƙasarmu jigawa ce, shanun huɗa da jaki sun wadatar, su ne kuma ke jan amalanke. Ko a Senegal, inda doki yake jan keken kaya da injin shukar gyaɗa, ƙananan dawakin ƙasar ne suke yi. A ɗaya ƙarshen kuma ga ƙurun tsibiran Shetland, wanda bai wuce santimita 107 ba. Da dokar Ingila ta 1842 ta hana sa mata da ƙananan yara aiki a ramin kwal, shi aka riƙa saukarwa yana jan kwal cikin duhu.

Wasan folo ya fi kusa da mu, tunda Katsina maƙwabciyarmu gidansa ce tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ɗansa Usman Nagogo kuma ya yi suna a wasan ƙwarai. Dokin folo sai mai tashi nan take, mai tsayawa nan take, wanda ba ya tsoron gogayya da ɗan'uwansa. Ajantina ce ta yi fice wajen samar da shi, kuma yadda ta yi abin lura ne: ta ɗauki dokin makiyayanta mai juriya, Kiriyolo, ta haɗa shi da na Ingila, tana rubutawa tana tacewa. Ba ta yar da nata ba. Kiriyolo yana nan da littafin asalinsa daban.

To, mu fa? Yaƙi ya wuce, mota da babur sun karɓe tafiya. Abin da ya rage wa doki a Maraɗi shi ne hawan sallah, hawan angwanci, naɗin sarauta, kilisa da yamma, da sukuwa. Duk waɗannan suna jan ido zuwa ga abu biyu, girma da gudun gajeren zango. Shi ya sa ɗan Sudan yake da kasuwa, shi ya sa mai hali yake neman jinin waje. A filin sukuwa akan ware ɗan Arewa daban da ɗan Sudan, don an san in aka gama su ba a yi adalci ba. Wannan rabo daidai ne, kuma shi ne ya bar wa ɗan Arewa fili.

Ba na ƙin a gauraya jini. Namu ma gauraye ne tun asali, na Ingila ma haka. Abin da yake damuna shi ne gaurayar da babu mai riƙe lissafinta. Ana kai goɗiya wurin duk ingarman da ya burge ido, a haifi dukushi, a sayar da shi a kasuwa, ya sauya hannu sau uku, daga nan asalinsa ya koma abin da dillali ya faɗa. Na taɓa raka wani kawuna duba doki. Mai shi ya ce, "Alhaji, uban wannan ɗan Sudan ne tsantsa." Kawu ya zagaya dokin, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ɗaga kofato, sannan ya ce, "To Malam, uwarsa fa?" Mutumin bai sani ba. Ba ƙarya yake yi ba, shi ma haka aka sayar masa. Abin ya tuna mini da alfadari da aka tambaya wa ubansa, ya ce doki ne kawunsa. Kawu ya fasa sayen, a hanya kuma ya ce mini wanda bai san uwar doki ba rabin doki ya saya.

Haɗarin a fili yake. Ɗan gauraye na farko yakan fito da kyau, ga tsawon uba ga juriyar uwa. In aka ci gaba da mai da ƴaƴa mata ga jinin waje, jika yana da rubu'in jinin gida, tattaɓa-kunne yana da kashi ɗaya cikin takwas. Cikin shekara 20 ana iya shafe abin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana tacewa: kofaton da ba ya buƙatar ƙarfe, cikin da yake ƙoshi da harawa, jikin da ya saba da zafinmu da cututtukanmu. Tsawo ana iya sayo shi daga waje kowace rana. Juriyar wannan ƙasa kuwa babu kasuwar da ake sayar da ita. Kuma cuta ba ta daina zuwa ba. Ciwon dawakin nan na Afirka da ƙananan ƙwari masu cizo suke yaɗawa da damina yana nan, kuma ba mu manta da murar da ta ratsa Nijar a 2019 ta kashe jakai masu yawa ta taɓa dawaki ba.

Ƙasashen da suka ga wannan haɗari sun motsa. A 1987 aka kafa ƙungiyar duniya ta dokin Barbar a Aljeriya, don a rubuta shi a kare shi. Maroko ta riƙe wasan dawakinta na tuburida har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2021, hawan sallar Kano ma ya shiga a 2024. Hawan da ake yi a Maraɗi da Tibiri da Tasawa da Damagaram ɗan gidan wannan al'ada ne, kuma a bayan dawakin ƙasar nan aka gina shi.

Littafin asali ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Littafin rubutu ne na ƴan lakwal, a hannun mai barga ko wanda fada ta ɗora wa kula da dawaki, ko shugabannin masu sukuwa. A rubuta ranar haihuwa, sunan uwa da garin da take, sunan uba, launi da alamomin goshi da ƙafafu, a ɗauki hoto da waya. In an sayar, takarda ta bi doki. In ya yi tsere a rubuta tazarar da lokacin da ya yi, in ya yi ciwo a rubuta, in goɗiya ce a rubuta ƴaƴanta da yadda kowanne ya kasance. Ranar haihuwar kaɗai za ta hana wata ɓarna da nake gani kullum, wato ɗora wa dukushi ɗan shekara biyu sirdi da ƙato a sa shi zamiya don ya yi tsawo ana zaton ya isa. Ƙashin bayan doki ba ya gama ƙwari sai ya kai shekara biyar zuwa shida, kuma dogayen nan ƴan gauraye da ake ɗoki a kansu su ne suka fi jinkirin kaiwa.